Shagon hayar littattafai na bayan kasuwar Tawa da kwalinsa na labaran raha

A wani lungu da ke bayan babbar kasuwar Tawa, a Nijar, tsakanin wani tela da mai gyaran salula, akwai ɗan shago wanda tsawonsa bai wuce taku huɗu ba, babu allo a ƙofarsa, kuma ba a san shi da wani suna ba sai na dattijon da ke zaune a ciki. Wata bakwai ke nan ina zuwa wurin kusan kowace Lahadi bayan la'asar, lokacin da cin kasuwa ya fara lafawa, mutanen ƙauye suna ɗaure kayansu bisa amalanke za su koma gida. Abin da ya fara kai ni shi ne aikin yanar ido da aka yi wa mahaifiyata, aka hana ta shiga rana da hayaƙin murhu, ta koma zaman ɗaki, ita da ba ta saba zama ba tun tana budurwa. Na ga zaman yana cin ta fiye da ciwon, sai na shiga neman abin da zan riƙa karanta mata tsakanin magariba da lisha, wanda zai ƙare kafin a kira salla, kuma ya bar ta da sakin fuska.

Tsarin hayar ba shi da wuya. Ranar farko mutum zai ajiye dala 100, wato sefa 500, a matsayin jingina, a rubuta sunansa da unguwarsu a cikin wani babban kaye mai baƙin bango, daga nan kuma kowane ƙaramin littafi dala 10 ne na kwana uku. Wanda ya wuce wa'adi da kwana ɗaya ko biyu ba a ce masa komai, amma wanda ya kai mako zai biya kuɗin haya na biyu. Akwai kuma wata tsohuwar kwamfuta a kusurwa, wadda jikan mai shagon ke zuba wa mutane labarai na sauraro da ita a katin salula, dala 20 kowane zubi. A kanta ta sama littattafan addini ne, waɗanda na sayarwa ne kawai. Kanta ta tsakiya, wadda ta fi kowace cika, ta littattafan soyayya ce na Kano, irin waɗanda suka mamaye kasuwa tun daga shekarun 1980, kuma su ne ke ciyar da shagon. Ni dai abin da ya riƙe ni yana ƙasa, cikin wani kwalin sabulu da aka ɗaure da igiyar roba, wanda dattijon ke kira kwalin dariya.

Ranar da na fara zuwa na gaya masa buƙatata, sai ya dube ni ya ce: "Malam, tsohuwar taka mai son dariya ce, ko mai son a yi wa wani dariya?" Na ce: "Baba, ai ban san da bambanci ba." Ya ce: "Akwai, kuma babba ne. Labarin da za ka ji ka tashi kana raina maƙwabcinka ba ya kwana cikin kwalin nan." Daga baya na tabbatar cewa duk abin da ke cikin kwalin ya karanta shi da kansa kafin ya saka, kuma wannan tacewa ita ce ainihin hajar da yake sayarwa, domin takardu kam ana samunsu a wurare da yawa, balle yanzu da labarai ke yawo a WhatsApp babu iyaka.

Na ƙirga abin da ke ciki, ya kai 60 da ƴan kai. Akwai tsofaffin bugun Zariya, ciki har da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, juzu'i uku, wanda aka fara bugawa a ƙarshen shekarun 1930, kuma shi ba ya fita daga shagon sai an ninka jingina. Akwai ƙananan littattafan barkwanci na Kano masu shafi 30 zuwa 40. Sai kuma kaso na uku, wanda ya fi ƙanƙanta amma ya fi burge ni: labarai ne da malaman lakwal da ɗaliban jami'ar garin nan suka buga da kwamfuta, aka yi musu fotokopi, aka haɗa da ƙusar takarda. Yadda suka samu shiga kwalin ma abin ji ne. Kayan shagon daga Kano suke tasowa, su bi ta Sakkwato da Illela, su tsallako Birnin Ƙonni, sannan su yi tafiyar kimanin kilomita 130 zuwa Tawa. Da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024, sabon littafi ya yi wuya, masu haya kuma suka karance na hannu, sai dattijon ya shiga tambayar abokan cinikinsa ko akwai mai rubutu a cikinsu. Ashe akwai, sun dai rasa wanda zai tambaye su ne.

Cikin waɗannan akwai wani labari mai shafi 14 da nake so in tsaya a kansa, domin shi kaɗai ya isa ya biya mini jinginata. Wani saurayi ne Ba'adare, wato ɗan yankinmu na Adar, ya dawo ƙauyensu bayan shekara huɗu yana biɗa a Abijan, ɗauke da wani ƙaton akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu, wanda sai da ƙarti uku suka sauke shi daga mota. Bai ce a ciki akwai dukiya ba, bai kuma ce babu ba, nauyin akwatin ne ya yi magana a madadinsa. Kafin kwana uku maroƙa sun gano cewa kakansa jarumi ne, mai shayi ya buɗe masa bashi ba tare da ya roƙa ba, wani attajiri da ya taɓa korarsa daga ƙofar gida ya aiko masa da rago, kuma gidaje huɗu sun tuna cewa tun yana yaro aka yi masa alkawarin ƴarsu. Marubucin ya san mutanensa ƙwarai. Ya san yadda ake gaida wanda ake zaton yana da shi, da yadda gaisuwar ke ƙara tsawo gwargwadon zaton, har wani dattijo ya tambayi lafiyar akwatin bayan ya tambayi lafiyar iyali. A wannan wurin sai da na dakata da karatu, saboda Inna tana dariya tana dafe da bandejin idonta, ƙanwata tana roƙonta ta sassauta.

Da ranar buɗe akwati ta zo, gari ya taru, sai ga tsohon injin ban ruwa wanda ya lalace, naɗe cikin tsummoki, shi ne abin da ubangidansa ya ba shi a maimakon albashin wata takwas. Mai rago ya aiko a mayar masa da ragonsa, alhali an riga an cinye shi tare da shi, gidajen nan huɗu kuma kowanne ya tuna cewa alkawarin da wani yaron aka yi. Marubuci mai gaggawa a nan zai tsaya, a tashi ana yi wa saurayin dariya, ko kuwa ya jefo masa wata dukiya daga sama don a huce. Wannan bai bi ko ɗaya ba. Wani tsohon makanike da gari ya daina kai wa aiki ne ya zauna da injin kwana tara har ya tashi, suka yi yarjejeniya a kan rabon amfani, suka ari wani ɗan fili a bakin fadama suka dasa albasa. Labarin ya ƙare ranar da saurayin ya je ya biya mai shayi bashinsa har dala ta ƙarshe, mai shayin kuma ya rasa irin gaisuwar da zai yi masa, ta mai kuɗi ko ta matalauci, sai kawai ya ce masa: "Sannu da aiki."

Duk wanda ya tashi a Adar ya san cewa wannan labari bai yi nisa da gaskiya ba. Da wuya ka sami gida a Tawa, ko Buza, ko Keita, ko Madawa, wanda ba shi da ɗa a Kwaddibuwa ko Libiya ko Najeriya, kuma mun san da yawa ba rashin kuɗin mota ke hana su dawowa ba, kunyar dawowa hannu wofi ce. Albasar ma ba ƙaga ta aka yi ba, tun da jar albasar Galmi daga jihar nan take fita har kasuwannin bakin teku, waɗanda yaranmu ke zuwa yin dako a cikinsu. Da na gama karatu Inna ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce mini: "Ka kira ƙanenka da ke can biɗa, ka ce masa ya taho gida ko da akwatin babu komai." Shekara uku ke nan ba ta taɓa faɗin haka ba, kullum cewa take Allah ya ba shi abin da ya je nema. Wa'azi nawa aka yi a kan wannan al'amari a gabanta, amma sai da ta yi wa mutanen ƙauyen can dariya sannan ta ga inda mu ma muke tsaye cikin taron masu jiran a buɗe akwati.

Akwai wani kuma, gajere, na wani ma'aikacin ofis da ya shekara 30 yana ce wa mutane su dawo gobe, har ya yi ritaya ya zo neman takardun fanshonsa, sai ya tarar da yaron da ya koya wa aiki zaune a kujerarsa, ya kuma sallame shi da kalmominsa da irin muryarsa, har da yadda yake duban agogo. Daɗin labarin yana kan bencin jira, inda mutanen da ya sha wahalarwa suka matsa masa wuri, wata tsohuwa ta koya masa tagar da ake fara zuwa da wadda ake ƙarewa, shi kuma da zama ya yi tsawo ya fara cika wa marasa karatu takardunsu kyauta. Na kai wannan fadarmu, wato majalisar hirarmu, na karanta ana shan shayi, kuma cikin masu sauraro akwai ma'aikata biyu, sun fi kowa dariya, babu wanda ya tashi da fushi.

Ina ganin dalilin da ya sa irin wannan rubutu ke shiga jikinmu shi ne mun riga mun san ƙa'idarsa tun kafin a rubuta shi. Taubasantaka, wadda UNESCO ta saka cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014, a kan wannan ƙa'ida take tafiya: Bagobiri zai faɗa wa Bazabarme abin da wani bai isa ya faɗa ba, Bafillace da Babarbare su yi ta yi wa juna tsiya a bainar jama'a, amma sharaɗin shi ne a rabu ana dariya, zumunci kuma ya ƙaru. Haka yaran tashe ke kwaikwayon mai rowa da malamin tsibbu cikin watan azumi, a ba su sadaka a ƙofar wanda suke kwaikwaya. Waɗanda suka girma suna kallon wasannin Yazi Dogo da ƙungiyarsa a talabijin ɗin ƙasa sun san yadda ake taɓa ma'aikaci da ɗan kasuwa da mai gida ba tare da an tozarta su ba. Labaran da suka fi kyau cikin kwalin nan ƴaƴan wannan gida ne, suna nuna wa mutum aibinsa, sannan su bar masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa.

Sai dai shagon yana da nasa aibobin, kuma ba zan ɓoye su ba, domin ina son ya ɗore.

Na farko da ya fi ci mini rai shi ne halin da takardun ke ciki. Littattafan Kano a kan takarda mara ƙwari ake buga su, ƙura da zafin Tawa kuma ba sa raga musu, ga hannuwa da yawa da suke bi. Sau uku ina kai littafi gida in tarar babu shafin ƙarshe, alhali a labarin raha shafin ƙarshe shi ne wurin da marubuci ya ajiye duk abin da ya tara. Da na yi ƙorafi, dattijon ya ɗauki bik ya rubuta mini ƙarshen ɗaya daga ka a bayan bango, abin da ya nuna lalle ya san kayansa, amma wannan ba magani ba ne. Da zai ware dala 10 daga kowace jingina ya sa wa littattafan bangon leda, ya kuma riƙa duba shafuka a gaban mai mayarwa, da an huta. Shawarata ga mai zuwa haya ita ce ya buɗe bayan littafi ya tabbatar kafin ya bar shagon.

Labaran sauraro kuwa ban gamsu da su ba ko kaɗan. Ba su da suna sai lambobi, mutum ba ya sanin abin da aka zuba masa sai ya isa gida, kuma kusan rabinsu na'ura ce ke karantawa. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, mai karatu ne ke gane su daga ma'ana, don haka na'urar ba ta bambanta garin da ake zama da garin da ake tuƙawa, inda kuma aka rubuta ba tare da ƙugiya ba sai baƙi ya koma baki. Barkwanci kuwa rabinsa a murya yake, da sanin inda za a dakata. Inna ta saurari minti biyu ta ce a kashe, wai mai karatun ba ya jin abin da yake faɗa. Waɗanda mutane suka karanta da bakinsu suna da kyau, sai dai a roƙi yaron ya kunna kowanne a ji kafin a biya.

Tacewar dattijon ma ba ta rasa kuskure. Na taɓa ɗauko wani ɗan littafi wanda duk dariyarsa a kan mai i'ina take da kuma Hausar baƙauye, babu wani hali da ake gyarawa, halitta kawai ake yi wa ba'a. Na mayar washegari na ce: "Baba, wannan ya saɓa wa abin da ka faɗa mini ranar farko." Ya karɓa ya duba, ya ce jikansa ne ya saka shi bai sani ba, ya cire shi nan take, ya kuma ba ni wani ba tare da na sake biya ba.

Babban giɓin dai ba laifin mai shago ba ne shi kaɗai. Cikin labarai 60 da wani abu, waɗanda aka rubuta a Nijar ba su wuce 12 ba. Sauran suna magana da naira da ƙaramar hukuma da titunan Kano, kuma ko da yake muna jin daɗinsu, sau da yawa sai na tsaya na yi wa Inna bayani, bayani kuwa yana kashe dariya. Namu ɗin kuma rubutunsu a cakuɗe yake, domin marubutan da Faransanci suka yi karatu, sai ka ga an rubuta "tchiki" a maimakon "ciki", ko "kouma" a maimakon "kuma", duk da cewa tun 1999 hukuma ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a ƙasar nan, kuma tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Yanzu da kundin mulkin ƙasa da aka zartar a 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ina fata za a sami masu gyara da masu bugawa da za su waiwayi irin waɗannan marubuta. Abin da ya fi damuna shi ne yawancin fotokopin ba su ɗauke da sunan mai su, kuma ko dala ɗaya daga kuɗin haya ba ta komawa gare su. Wanda ya rubuta labarin akwati ya cancanci a san shi, ya cancanci a biya shi. Na faɗa wa dattijon haka, ya ce wasunsu ne ba sa so a sa suna don ma'aikata ne, suna tsoron kada manyansu su ga kansu cikin labarin, amma ya yarda cewa maganar kuɗi tana da hujja, zai kuma duba ta.

Akwai kuma batun mata. Benci ɗaya ne a ƙofar shagon, kullum samari ne a kansa, don haka mata ba sa tsayawa su zaɓa, yara suke aikowa da sunan littafi a ƴar takarda, alhali in ka duba kayen hayar za ka ga sun fi maza yawa. Tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata a 2016 aka ga irin yawan matan da ke rubutu, kuma ina da yaƙinin cewa cikin masu aiko yaran nan akwai waɗanda za su iya cika kwali na biyu da labaran kishi da biki da adashi, da za a ware musu ko da safiyar Juma'a su zo da kansu.

Duk da haka, ga wanda ke Tawa kuma yake da kuɗin jingina da dala 10 a aljihu, ban san wani wuri da zai sami abin da ya kai wannan ba. Ana buɗewa bayan hantsi, a rufe lokacin azahar, a sake buɗewa daga la'asar zuwa magariba, ranar Lahadi kuma ya fi kyau a je da yamma don a sami sukunin magana da mai shagon, domin in ka gaya masa wanda za ka karanta wa, da shekarunsa, da abin da ke damunsa, zai zaɓa maka abin da ya fi wanda za ka zaɓa da kanka.

Idon Inna ya warke, ta koma harkokinta, amma karatun bayan magariba bai tsaya ba, har maƙwabta biyu sun fara shigowa da tabarminsu. Ƙanena ya ce zai taho bayan girbi, Inna kuma ta ce lalle in sake ɗauko labarin akwati a karanta ranar da ya iso. Da na je Lahadin da ta wuce na tarar yana hannun wani, dattijon ya buɗe kaye ya rubuta sunana, ni ne na uku a layi.